Tambaya da Amsa: Wane Murhun Itace Ne Zai Ɗumama Ƙaramin Gareji da Araha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin unguwar Hotoro ne a nan Kano, kuma tun da na yi ritaya na mayar da garejin gidana wurin gyaran kekunan ɗinki. Faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa mita 6, rufinsa na kwano ne babu silin. Idan hunturu ya kankama, yatsuna kan ƙage da sassafe har aiki ya gagare ni, ga shi kuma dattijon da ke yi mana gadi a ciki yake kwana. Bara da kaskon gawayi muka yi ta fama, amma kusan kullum sai dattijon ya tashi da ciwon kai. Babur ɗina da janareta da jarkar fetur suna ajiye a kusurwa ɗaya. Wani mai walda ya ce zai yanka mini duro ya haɗa murhun itace da kuɗi kaɗan. Shin in karɓa, ko akwai wanda ya fi shi ba tare da tsada ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a sana'a. Kafin mu kai ga zaɓen murhu, dole in tsaya a kan abubuwa biyu da ka ambata a gurguje, wato ciwon kan maigadi da jarkar fetur, domin su ne suka tayar mini da hankali, kuma su ne za su yanke hukuncin ko ya dace a hura wuta a wannan ɗaki tun farko.

Ciwon kan da ke zuwa bayan an kwana da kasko a rufaffen ɗaki alama ce ta shaƙar iskar nan mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da ita, kuma gawayi ya fi yaudarar mutane, saboda garwashinsa na ci shiru babu hayaƙin da zai sa ido yaji ko ya sa mutum tari har ya tashi ya buɗe taga. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma idan ta shiga huhu tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, abin da mutanenmu kan ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro, wanda kuwa yake barci sau da yawa ba ya farkawa ya ji komai. Ina roƙonka, don Allah, kaskon nan ya daina kwana a garejin daga yau. Idan wata rana aka tarar da mutum ya galabaita ko hankalinsa ya gushe a ɗakin da aka kwana da wuta, a wangale ƙofa, a fito da shi fili, a garzaya da shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma a faɗa wa likita cewa da gawayi ya kwana. Janareta ma irin wannan gubar yake fitarwa, don haka kada a taɓa tayar da shi a ciki.

Shi kuwa fetur, tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta ya riƙa bin daɓe kamar ruwan da ido ba ya gani. Murhu kuma daga ƙasa yake zuƙar iskar da wutarsa ke ci. Ke nan ko da jarkar tana can ƙarshen ɗaki, murhun da kansa ne zai jawo tururin zuwa bakin wuta. Wannan ne ya sa a Amurka, inda ɗumama ɗaki da itace tsohuwar al'ada ce, ƙungiyar kare aukuwar gobara ta ƙasar, NFPA, ta hana girka murhun itace a gareji a cikin ƙa'idarta mai lamba 211. Saboda haka sharaɗina na farko shi ne a yi wa babur da janareta da jarka rumfa a tsakar gida, a haɗa musu da kananzir ɗin wanke ƙarafa da tsummokaran da suka sha mai, ta yadda garejin zai koma shago zalla. Idan babu halin yin hakan, to da muguwar rawa gara ƙin tashi: a bar zancen murhu, a sa kuɗin a silin da bargo da rigar sanyi.

Idan an cika wannan sharaɗi, sai maganar girma. Sanyin Kano na ɗan lokaci ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ƙarfinsa daga tsakar dare ne zuwa hantsi. A Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka, abin da kake nema kuwa bai wuce ƙarin digiri 10 ba a ɗakin da shimfiɗarsa murabba'in mita 18 ce. Murhu mai ƙarfin kilowat 3 zuwa 4, wato ma'aunin yawan zafin da murhu ke bayarwa, ya wadatar. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat 4 na awa guda, murhun da aka haɗa a gida kuma kusan rabin wannan yake bai wa ɗaki, saura ya bi hayaƙi, don haka faskare na kilo ɗaya da rabi a awa ya ishe ka. Akwatin wuta mai tsawon santimita 40, faɗi 30, tsayi 30, ya isa wannan aiki. Manyan murhunan zubin ƙarfe da ake shigowa da su daga Turai an yi su ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa, kuma kuɗinsu ya wuce abin da sanyin wata uku ya cancanta. Babban murhu a ƙaramin ɗaki ma matsala ne, domin zafi zai yi yawa, mai shi ya toshe masa iska don ya rage, wutar ta koma turnuƙu, nan kuma gubar da muke gudu take ƙaruwa.

Wannan shi ne aibin duro na farko, domin duron lita 200 ya yi wa ɗakinka girma nesa ba kusa ba. Na biyu, ƙarfensa bai fi kaurin milimita 1 da 'yan kai ba. Na taɓa ganin irin wannan murhu a shagon wani kafinta a lokacin sanyi: gefensa ya yi jawur kamar gauta, fentin jikinsa yana ɓarewa yana fitar da wani wari mai kama maƙogwaro, ƙofarsa ta lanƙwashe har yatsa na iya shiga tsakaninta da jikin duron, hayaƙi na tsartuwa ta nan, ga tarin askin katako bai fi taku biyu daga wurin ba. Na uku, babu wanda ya san abin da duron ya taɓa ɗauka, kuma wanda ya ɗauki mai ko sinadari kan iya fashewa a hannun mai walda lokacin yanka, ko da an ga kamar babu komai a ciki. Haka tsohuwar tukunyar gas take. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa ba ta ko kai wa hunturu na biyu.

Shawarata ita ce ka je Ƙofar Ruwa da kanka ka sayi farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 4, kada ya gaza 3, ka sa a auna a gabanka, sannan ka kai wa mai waldan ka biya shi kuɗin aiki kawai. Ƙaramin akwati irin wanda na faɗa ba ya cin ƙarfe da yawa, kuma a nan ne araharka ta gaskiya take. Ka ce ya yi masa ƙofa mai sakata wadda ke rufuwa ruf, da 'yar tagar iska a ƙasa mai marfin da ake zamewa, da raga ta rodi inda itace zai hau, da aljihun toka a ƙarƙashinta, da ƙafafu masu tsayin santimita 20. Akwai kuma abu ɗaya da masu walda kan bari idan ba a faɗa musu ba, shi ne ɗan faranti da ake girkawa a ciki ƙasa da rufin akwatin, wanda ke tare harshen wuta ya sa shi zagayawa kafin ya shiga bututu, domin in babu shi zafin duk sama zai gudu. A jera jan bulo a ciki, ƙasa da gefuna, saboda yana kare ƙarfe daga ƙonewa, yana kuma riƙe ɗumi bayan wuta ta mutu. Murhunan girki irin su murhun Abacha da Save80 kuwa ba su shiga wannan lissafi ba, tunda an ƙera su ne don su tura zafi gindin tukunya, kuma ba su da hanyar fitar da hayaƙi waje.

Bututun hayaƙi shi ne inda ba na son ka yi tsimi ko kaɗan, ko da kuɗinsa zai kai na murhun. Iska mai zafi tana hawa cikinsa, hawan nata ne ke zuƙo sabuwar iska cikin wuta, ya kuma kwashe hayaƙi da guba zuwa waje, saboda haka gajeren bututu ko mai yawan lanƙwasa ba ya ja. A yi shi da baƙin ƙarfe, faɗin bakinsa santimita 10 zuwa 12 daidai da mafitar murhun, kada a matse shi a ko'ina. A guji fayif mai farin shafe irin na kwanon rufi, domin shafen nan tutiya ce, idan ta ji wuta tana fitar da tururin da ke jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. A miƙe shi tsaye ya huda rufi, tsawonsa gaba ɗaya ya kai mita 4 ko fiye, ya ɗara kwano da santimita 90, ya kuma ɗara duk wani gini da ke tsakanin mita 3 da shi da santimita 60, in ba haka ba iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas za ta bugi katanga ta mayar da hayaƙin ciki. A sa masa hula a bisa. Wajen haɗa gaɓoɓinsa, bakin na sama ne zai shige cikin na ƙasa, don baƙin kwaltar da hayaƙi ke tarawa ta gangara cikin murhu maimakon ta tsiyayo a waje. Inda ya ratsa rufi, a bar tazarar santimita 45 tsakaninsa da katakon rufi ko silin, a cike gurbin da farantin ƙarfe. Shi ma murhun a ba shi santimita 90 daga duk abin da ke iya kamawa, teburin aiki ne ko katifa ko labule.

Rufin kwano marar silin yana zubar da zafi kamar rariya, don haka yin silin da toshe ƙarƙashin babbar ƙofa zai rage maka cin itace sosai. Sai dai kada a toshe ɗakin gaba ɗaya, a bar kafa kamar faɗin tafin hannu a ƙasan bango kusa da murhu wadda ba a rufe ta ko yaushe. Ranar gwaji a buɗe ƙofofi, a ƙona takarda a cikin akwatin, a tsaya a duba: idan hayaƙin ya miƙe cikin bututu an dace, idan ya dawo ta ƙofa ko ta gaɓa, a gyara kafin a sa itace. A tanadi bokitin yashi da tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa, idan kuma da hali a rataya na'urar nan mai batir da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid.

Itacen ma a zaɓe shi. Marke da ƙirya da bagaruwa suna da nauyi, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi mai kyau, darbejiya ma ba laifi idan ta bushe sosai. Ka buga faskare biyu da juna, busasshe zai yi amo, ɗanye kuwa zai yi ƙara a dakushe, a wuta kuma ya riƙa tsuwa yana kumfa a baki, yana cika bututu da kunkunniya wadda ita ma kan kama da wuta. Kada a jefa leda ko roba ko katako mai fenti ko filawud ko baƙin mai, kuma da ƙirare ake tayar da wuta, ba da fetur ba. A kwashe toka a garwa mai murfi a ajiye ta waje, tunda rubushi kan kwana da ransa, a kuma share bututun a farkon hunturu da tsakiyarsa.

Game da dattijon da ke kwana a ciki, ko da wannan murhu ban yarda a yi barci wuta na ci ba. A hura ta bayan Magariba, a bar ta ta cinye kafin ya kwanta, bulon da ke ciki zai ci gaba da sakin ɗumi na wasu awanni, da asuba kuma kai ka sake hurawa don aikinka. A ɗaga shimfiɗarsa daga daɓen siminti zuwa gado ko benci, a ƙara masa bargo mai kauri da hular sanyi da safa. Ka kuma riƙa tambayarsa lafiyar kansa da safe, idan bayan an fitar da kaskon ciwon bai sake shi ba cikin kwana biyu ko uku, ka kai shi asibiti a duba shi.