Wufa da amfilifaya a mota: sai an cire rediyon kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jidda, ina da Camry ƙirar 2016, kuma kusan kullum ina kan hanyar Makka. Rediyon da ta zo da shi ba laifi, sai dai sautin ba shi da nauyi. In na ƙara murya ƙofofi su kama karkarwa, ganga kuwa ba ta fitowa. Na je wani shagon kayan ƙawar mota, mai shagon ya ce dole a cire rediyon a sa mai allo, ya nuna mini amfilifaya da aka rubuta wat 3000 a kwalinta, ya ce har da kafasita zan saya. Da gaske sai an cire rediyon? Kuma batir ba zai riƙa mutuwa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bar rediyonka inda yake. Ana ɗora wufa (babbar lasifika mai fitar da amo mai nauyi) da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a kan rediyon kamfani lafiya lau, maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki, dashbod kuma ba a ɓalle shi ba. Yawancin rediyo masu allo na araha sautinsu bai ma kai na kamfani tsabta ba, ga shi zafin rana yana saurin gajiyar da su.

Abin da kake ji a ƙofofi ba lalacewa ba ce. Rediyon kamfani ƙarfinsa kaɗan ne, wajen wat 15 zuwa 20 ga kowace lasifika, su kuma lasifikun ƙanana ne, ba a yi su don tura iska mai yawa ba. Amon ƙasa, wato bes, wanda mutum yake ji a ƙirji, yana tsakanin Hz 20 zuwa 80 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), kuma wannan aikin wufa ne. Amma ka san abin da za ka saya: wufa ba ta gyara muryar mutum. In yawan abin da kake saurare a hanya karatu ne da wa'azi, ba za ka ji wani bambanci ba, gara ka canja lasifikun gaba. Ko kalangu ma amonsa ya fi zama a tsakiya. Babbar ganga da bes na situdiyo su ne za su fito.

Matsalar da mai shagon ya fake da ita guda ce: rediyon kamfani ba shi da ramukan RCA, waɗannan ja da fari da ake jona amfilifaya da su. Hanya biyu ake bi. Ko dai ka sayi amfilifaya da ke karɓar sauti kai tsaye daga wayoyin lasifika, kuma da yawa daga cikin na yanzu suna yi, ko a sa wata 'yar na'ura da ake kira LOC, wadda take rage ƙarfin sautin lasifika ta mayar da shi daidai da abin da RCA ke ɗauka. A motocin salun galibi akwai lasifiku a bayan kujerar baya, in ka buɗe but ka leƙa sama za ka ga gindinsu da wayoyinsu. Daga nan ake jawo sautin, hagu da dama, ba tare da an taɓa dashbod ba.

A nan ne ƙananan masu haɗi suke tafka kuskure. In aka juya wayar gefe ɗaya, aka sa fozitif a gurbin nagatif, hagu da dama za su riƙa kashe juna a cikin amfilifaya. Wufa da ƙyar take motsi, amo babu. Sai a ce maka wufar ce ba ta da ƙarfi, a sayar maka da wata. Gwajin ba wuya: ka karkatar da sautin rediyo gaba ɗaya zuwa hagu. In bes ya ƙaru maimakon ya ragu, an juya waya. Ka kuma tuna, tunda daga baya aka ɗauko sautin, duk ranar da ka mayar da shi gaba saboda masu barci a kujerar baya, wufa ma za ta yi shiru.

Wasu rediyoyin kamfani an tsara su suna rage bes da kansu in an ƙara murya, don kare lasifikunsu. In naka yana haka, LOC mai araha ba za ta dawo da abin da aka riga aka cire ba, sai irin LC2i ta kamfanin AudioControl, wadda aka yi ta musamman don maido da shi. Masu motocin da suka zo da JBL ko Bose kuma nasu lissafin daban ne, domin akwai amfilifayar kamfani da ta riga ta rarraba sautin, dole a nemo wayar da ke ɗauke da amon ƙasa. Masu Accord da wasu manyan motocin GMC da Chevrolet su ma su lura: akwai makirfo a cikin motar da ke sauraren ƙarar inji don a kashe ta ta lasifiku. In ba a raba shi da tsarin ba, wufa za ta riƙa wani gurnani ko babu abin da aka kunna.

To, batun wat 3000. Juya amfilifayar ka dubi fiyus da ke gefenta, ka karanta lambar da ke kansa. A ce guda ɗaya ne mai amfiya 30. In inji yana aiki wutar mota tana kusan bolt 14. Ka ninka 30 da 14, ka sami 420. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta ke nan kafin fiyus ya ƙone, kuma wani kaso zafi yake zama, abin da zai isa wufa bai fi wat 330 ba. Kafin a sami wat 3000 na gaskiya sai an ja fiye da amfiya 200, alhali dainamon mota mai girman taka abin da yake bayarwa gaba ɗaya yana kewayen 100. Lambar da ke kwali ta talla ce. Wadda za ka nema ita ce mai RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai.

Ni a ganina wat 300 zuwa 500 RMS ya ishi Camry har ya yi yawa. Ka nemi amfilifaya mai tasha ɗaya, wato mafitar sauti guda, ajin D, saboda kusan kashi 80 na wutar da take sha sauti take mayar da shi, ita kuwa ajin AB kusan rabi zafi ne. A ƙasar da but ke zama tanda tun hantsi, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mai wat 400 tana jan kusan amfiya 36 in an kai ta maƙura, kiɗa kuwa ba ya tsayawa a maƙura, bugawa yake yana saki. Dainamonka zai ɗauka, ko da na'urar sanyi tana aiki. Batir yana mutuwa ne in aka kashe inji aka zauna ana sauraro a Kornish, bakin tekun Jidda, ko in an haɗa amfilifaya yadda ba ta mutuwa bayan an zare makulli. Rediyon kamfani ba shi da wayar da ke kunna ta, don haka ko dai ta zama mai kunna kanta in ta ji sauti, ko a jawo mata 'yar waya daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli.

Kafasita kuwa ka bar wa mai shagon abarsa. Tulu ce, ba rijiya ba: abin da dainamo ya zuba mata shi take ajiyewa na ɗan lokaci. In fitilu suna lumshewa da kowane bugu, a duba batir da kaurin waya. Zafin ƙasar nan yana cin batir da wuri, in naka ya kwana biyu a gwada shi kafin a fara aiki.

Kuɗin kafasitar ka zuba shi a waya, domin nan ne hatsarin yake. Babbar wayar wuta za ta taso daga batir a gaba har but, kusan mita 5. Ga wat 400, mai lamba 8 ta jan ƙarfe zalla ta isa, mai lamba 4, wadda ta fi kauri, ta fi kwanciyar hankali. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa fenti da jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA, wani lokaci ma ba a rubuta komai. Robar mai kauri, cikin kuwa siriri. Ka fere bakinta ka kankare silin da wuƙa: in ciki ya fito fari, alminiyam ce. A hannu ma za ka ji ba ta da nauyi. Wutar da take ɗauka wajen kashi biyu cikin uku ne kawai na ta jan ƙarfe, kuma a laimar Jidda mai gishiri bakinta yana yin farin gari ya ruɓe. Araha ba ta ado.

Dole a sa fiyus a kan wannan waya, kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45. Mutane suna cewa ai amfilifaya tana da nata. Nata ita yake karewa. Wannan na gaba wayar yake karewa, da motar, da kai. In roba ta goge a wani kaifin ƙarfe a ƙarƙashin kafet, waya ta taɓa jikin mota, batir zai juye mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja cikin daƙiƙoƙi. Ka tsaya a kan masu haɗin ka ga inda wayar ta ratsa daga wurin inji zuwa cikin mota: ta bi ta cikin zoben roba, ba ta ramin ƙarfe tsirara ba. Wayar nagatif kaurinta ɗaya da ta wuta, gajera, ƙasa da rabin mita, a kankare fenti sai ƙarfe ya yi ƙyalli kafin a ɗaure. Kada wanda ya huda ƙasan but ko ƙarƙashin kujerar baya bai leƙa ba, tankin mai yana wajen. Soket masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba a taɓa su. Masu haibirid, wato mota mai haɗa inji da lantarki, kuma su nisanci wayoyi masu ruwan lemo. Kafin komai, a cire kan nagatif na batir.

Wufa guda, inci 10 ko 12, a rufaffen akwati na katakon MDF mai kaurin milimita 18. Mai inci 12 tana son wajen lita 30 zuwa 35, amma takardar da ta zo da ita ce alƙali. Akwati mai rami ya fi ƙara, ya kuma fi cin wuri. Kai da ke ɗaukar baƙi da akwatunansu da jarkokin zamzam, rufaffe ya fi maka. A ɗaure shi da kyau saboda birki, a kuma kafa amfilifaya a tsaye a bayan kujera inda iska ke ratsawa, ba a ƙasa inda ruwan jarka zai malalo ba. Ka tabbata om ɗin wufa, wato ma'aunin yadda take tare wuta, ya dace da abin da amfilifaya ke ɗauka. Wufa mai nadin waya biyu na om 4, in an haɗa su kai da kai, fozitif da fozitif, nagatif da nagatif, om 2 take zama, kuma a nan yawancin masu tasha ɗaya suke ba da ƙarfinsu.

Direbobin gida da ke tuƙa motar kafil, wato maigidansu, su nemi izini tukuna, kuma abin da ya fi dacewa da su shi ne ƙaramar wufa mai amfilifaya a jikinta da ake turawa ƙarƙashin kujera. Mai sabuwar mota ya tambayi wakala, wato dillalin kamfanin motar, matsayin garantinsa kafin a yanka ko waya ɗaya.

Saura saiti, wanda shi ne rabin aikin. Maɓallin da aka rubuta GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da ƙarfin rediyo ne. In aka murɗe shi ƙarshe sauti yana yagewa, nadin wufa ya yi zafi, sai ka ji ƙauri daga but. Mai aikin kirki zai tada inji, ya cire wayar wufa, ya kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ya kunna sautin gwaji na Hz 50, ya ɗora mitar awon wuta a inda ya cire wayar wufa. Ga wat 400 a om 2, zai tsaya in mita ta nuna kusan bolt 28. LPF, maɓallin da ke tace sauti ya bar amon ƙasa kawai, a ajiye shi wajen Hz 80, don kada muryar mawaƙi ta riƙa fitowa daga but. Maɓallin ƙarin bes a bar shi a sifili. Akwai kuma wani mai 0 da 180: zauna a kujerar direba a gwada maka duka biyun, ka zaɓi wanda amo ya fi cika.

Ka sa a jawo maka ɗan maɓallin rage wufa kusa da hannunka. Dokar ladabin zaman jama'a da Saudiyya ta fara aiki da ita a 2019 ta sa tara a kan ƙure kiɗa a unguwannin zama da kunna shi lokacin kiran salla, kuma bes ya fi kowane sauti ratsa bango.

Kafin ka biya kuɗi, zare makulli ka leƙa but ka ga fitilar amfilifaya ta mutu. Sannan ka tada inji, ka rage murya, ka taka totur. In ka ji wani siririn fito yana tashi tare da inji, ɗaurin nagatif bai yi kyau ba, ko an jera wayar sauti a jikin ta wuta. A gyara a nan take, kana tsaye.