Ku Tambaya Mu Amsa: Na Sayi Lalataccen Abinci a Butiki, Ina Zan Kai Ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi yawur leda huɗu da sardin gwangwani biyu a wani butikin unguwarmu. Yarana biyu sun sha yawur ɗin da la'asar, kafin isha'i sai amai da zawo. Da na duba sardin ɗin, gwangwani ɗaya ya kumbura. Na koma wurin mai butikin, ya ce shi ma haka ya saro, kuma abin da aka saya ba a mayarwa. Ina zan kai ƙara? Daga wata uwa, Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaran lafiya. Da su za ki fara. Ki jiƙa ƙunshin SRO (garin gishiri da sukari na maganin zawo) ɗaya cikin litar ruwa mai tsabta, ki riƙa ba su kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. In babu SRO, ki zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi cikin lita ɗaya. In kin ga jini a kashi, ko zazzaɓi mai zafi, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, kada ki jira gari ya waye. Ko da sun samu sauƙi ma, ki kai su CSI (ƙaramin asibitin unguwa) mafi kusa, a rubuta a katinsu abin da suka sha da lokacin da ciwon ya fara. Katin nan shaida ne.

Sai kayan. A nan ne ƙararraki da yawa ke mutuwa, domin mutum cikin fushi yakan zubar da abin ko ya mayar wa mai kanti ya karɓi kuɗinsa, ya dawo hannu biyu. Gwangwanin da ya kumbura kada ki buɗe shi, kada kowa ya ɗanɗana. Kumburin iska ce da ƙwayoyin cuta ke fitarwa a ciki, kuma daga cikinsu akwai mai dafin da ke shanye jijiya: ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara. Ki ƙulle shi a leda, nesa da yara. Sauran yawur ɗin da ba a buɗe ba ki sa shi a firigo cikin leda ta daban da alama a kai, ko a cikin kula mai ƙanƙara. Har ledojin da aka shanye ki ajiye.

Ki ɗauki hoton sunan kayan, da ranar ƙarewarsa, da lambar da ke bin kalmar Lot. Da lambar nan ake gane rukunin da aka sarrafa tare, a bi sawunsa har wurin dillali. Ranar kuwa iri biyu ce. In an rubuta "à consommer jusqu'au", kamar yadda ake yi wa yawur da nama, ranar na wucewa abin ya zama haɗari. In "à consommer de préférence avant" ne, irin na biskit da taliya, inganci ne ke raguwa. Kayan da ke shigowa daga Najeriya galibi EXP ko BB suke ɗauke da shi. Ki duba ko an liƙa wata takarda a kan ranar, ko an kankare wurin, ko tawadar na gogewa da yatsa. Wannan ya wuce sakaci, ha'inci ne, kuma shi za ki fara nunawa.

Wurin kai ƙara shi ne ma'aikatan tsabta, waɗanda a takarda ake kira police sanitaire. Suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, aikinsu kuma ya samo tushe daga dokar tsabtar jama'a ta 1993. Yamai gundumomi biyar gare ta. Ki nufi sashen tsabta na ma'aikatar magajin garin gundumar da butikin yake, ko hukumar lafiya ta yankin. Suna iya shiga kanti su duba, su kwashe lalataccen kaya, a ci tara. Ki tafi da takardar ƙara da Faransanci, kofi biyu, mai ɗauke da inda butikin yake da wata alama ta kusa, ranar saye da awa, abin da kika saya da kuɗinsa, da waɗanda suka yi ciwo. Ki sa a buga hatimi a kan naki kofin. Butikin unguwa ba ya ba da resi, don haka ki ambaci wanda ya gan ki ko yaron da aka aika.

Ki yi sauri. Komawar da kika yi ta riga ta ankarar da shi, yana iya kwashe sauran kayan cikin dare. In ma'aikata sun tarar da su a kan kantar butikin, su ne za su ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, kuma wannan ya fi wanda ya kwana a gidanki ƙarfi. Kayan da ranarsa ta wuce ba ya ma buƙatar gwaji. Wani abu kuma: ki rubuta duk abin da yaran suka ci cikin kwana uku. Awoyin da kika faɗa sun dace da dafin da ke taruwa a kayan madara da suka sha zafi, amma akwai ƙwayoyin da sai bayan kwanaki suke nunawa, kuma mai butikin zai fake da wannan.

In shiru ta yi yawa, ki kai kofin mai hatimi ma'aikatar kasuwanci, wadda ke kula da dokar kare masu saye ta 2015, ko ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta ADDC-Wadata. In ciwon ya kai ga kwanciya asibiti, maganar ta komisariya ce, da takardar likita a hannu.

Tambaya: Ni mai butiki ne. Ranar yawur ɗina ba ta wuce ba, amma ana cewa ya yi tsami, leda ta kumbura. Laifin wa? Daga Talaje, Yamai.

Amsa: Alhaji, ranar da ke jikin leda tana aiki ne muddin abin bai bar sanyi ba. Firigo ya kamata ya tsaya ƙasa da digiri 5. In wuta ta ɗauke, rufaffen firigo awa 4 kawai yake riƙe sanyin da ake so, a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ma bai kai haka ba in ana yawan buɗewa. Kashe shi da dare don rage kuɗin wuta yana ɓata kaya sosai. Ka sa ma'aunin zafi a ciki, ka taɓa kaya lokacin da aka sauke maka, in ba sanyi ka ƙi karɓa. Ka adana takardar dillali, ita ce za ta raba ka da laifin da ba naka ba. Wanda ya kumbura kuwa a zubar, ba a karya masa farashi.

Tambaya: Ba gara a saka hoton kantin a Facebook kowa ya gani ba?

Amsa: Ba mu ba da wannan shawara. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ɓata suna na ciki. Mai ƙara na iya komawa wanda ake ƙara. Hoton ma zai sa a ɓoye kayan kafin ma'aikata su iso. Ka gaya wa maƙwabta baki da baki su duba lambar Lot ɗin abin da suka saya, hotunan kuma ka kai ofis.