Ba minti ake ƙirgawa ba, yaro

Ka turo min hoton shanun da Paulus Potter, tsohon mai zanen nan na ƙasar Holan, ya sassaƙa kana tambaya wai minti nawa yake barin farantin jan ƙarfe a cikin asid har gashin saniya ya fito siriri haka, kuma me ya sa naka yake dagulewa. Wato duk zamanka a shagon nan abin da ka fahimta ke nan, cewa aikin agogo ne. Ku yaran yanzu komai sai an ba ku lamba a waya. To babu minti. Asid ɗin da zai ci faranti a hankali da sanyin safiyar hunturu, shi ne zai cinye maka shi da azahar ɗin bazara kafin ka gama amsa sallama. Ido ake sa wa, ana share kumfar da gashin tsuntsu, ana dubawa.

Zancen shafa wa faranti kaki da turara shi da hayaƙin kyandir, da karce zane da allura don asid ya ci inda aka karce kawai, da cewa zanen juyewa yake yi idan an buga a takarda, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai san wannan ba ya je ya sayar da rake. Abin da ba ka yi shi ne tsomawa hawa-hawa. Masu aikin zamanin Potter sukan tsoma faranti kaɗan, su fitar, su wanke, su rufe layukan nesa da na sararin sama da fenti mai hana asid ci, sannan su mayar. Abin da ke gaba, kamar kan sa da inuwar ƙarƙashin cikinsa, shi ke daɗewa a ruwa, ya yi zurfi, ya riƙe tawada da yawa. Kai kuwa sau ɗaya kake jefawa, ga layukanka a cunkushe, asid ya cinye bangon da ke tsakaninsu su haɗe su zama rami. Shi ke nan dagulewar.

Amma ko ka iya wannan ba za ka fitar da saniyar Potter ba, domin ba ka san saniya ba. An haifi mutumin nan a Enkhuizen ta ƙasar Holan a 1625, ubansa Pieter ma mai zane ne, a hannunsa ya koya. Ya shiga ƙungiyar masu zane ta Delft a 1646, ya zauna a Hague, ya koma Amsterdam a 1652, tarin fuka ya kashe shi a farkon 1654 yana ɗan shekara 28. Ka ji, 28. Ya bar zanen fenti wajen ɗari, ban da jerin shanu da ya sassaƙa a faranti a 1650 da na dawaki a 1652. Ana ba da labarin ko yawo zai fita sai da ɗan littafin zane a aljihu. Zanensa na bijimi na 1647, wanda ke gidan tarihi na Mauritshuis a Hague, faɗinsa ya haura mita uku, ya zana shi yana da shekara ashirin da ɗoriya. Har ƙudajen da ke bin bayan san ya sa, da kwaɗo a ƙasa, da kashin shanu shimfiɗe a gaba. Masana dabbobi da suka duba sun ce ba sa ɗaya ba ne, haƙoran na mai wasu shekaru ne, ƙahon na wani ne daban, wato ya tara zanen shanu da yawa ya harhaɗa. Faransawa ma da suka mamaye Holan a 1795 sai da suka kwashe shi zuwa Paris, bai dawo gida ba sai bayan faɗuwar Napoleon.

Abin da ya sa ma na zauna amsa maka shi ne wani zanensa na 1649. An ce Amalia van Solms, matar marigayi Yarima Frederik Hendrik na Holan, ita ta sa shi ya zana mata gidan gona. Ya yi aikin da gaskiya, har da saniya tana fitsari a tsakiya, domin haka saniya take yi. Wata daga cikin matan fada ta ce wannan ƙazanta ba ta dace da idon gimbiya ba, aka ƙi karɓa. Zanen yana gidan tarihi na Hermitage a Rasha yanzu. Ita gimbiyar ma ta fi wani Alhaji da na taɓa yi wa aiki mutunci, tun da ba ta riƙe kayan mutane ba.

Ba a haife ka ba lokacin. Wani babban dillalin shanu ya zo shagon nan da mota, ya ce allon tagulla yake so a ƙofar gonarsa, da hoton bijiminsa da yake ji da shi, sassaƙe, ba fenti ba, don jikokinsa su gani. Na ce a ba da kafin alƙalami. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ni za ka tambaya kuɗi? Ka yi aikinka, kuɗi ba matsala ba ne." Na duba babbar riga da mota na yi shiru. Na karɓo tagulla mai kauri bashi a wurin mai ƙarfe, kuɗin da zai sayi babur a lokacin. Na riƙa zuwa gonar nan ina zama cikin rana da ƙuda, ina zana san nan ta gaba, ta gefe, a tsaye, a kwance yana tuƙa. Farin sa ne mai tozo, ƙahonsa na hagu ya ɗan gutsure a baki, ga tsagar kunne. Na sa duka, domin da su ne makiyayinsa zai gane shi a cikin dubu. Tozon kaɗai, don ya fito da nauyinsa, sai da na bi shi da tsomi bayan tsomi. Har yau ban sake yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ban ga wanda ya yi a garin nan ba.

Ranar da na kai, yana zaune da 'yan majalisarsa. Wani ɗan kanzagi ya nuna ƙahon, ya ce, "Alhaji, ai gurgun ƙaho aka yi maka." Aka fashe da dariya. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce na tozarta masa sa, in je in cike ƙahon. Na ce ranka ya daɗe, abin da asid ya ci ba ya dawowa, kuma haka ƙahon yake, ga san can a ɗaure a je a duba. Ya ce to in bar allon zai yi shawara. Shawarar da har yau ba a gama ba ke nan. Yau a ce ya tafi Legas da shanu, gobe a ce yana barci. Babur ɗina na sayar na biya mai ƙarfe, na yi damina guda ina zuwa shago a ƙafa. Bayan nan wani abokina ya wuce ta gonar, ya dawo ya ce min allon yana kafe a ƙofa, ana goge shi yana sheƙi, an kankare sunana da ke kusurwar ƙasa. Kankare sunan nan ya fi kuɗin yi min ciwo, Allah ya isa.

Tun daga ranar, kowa ya zo sai ya ga zanen a takarda, ya sa hannu a bayanta, ya biya kuɗin ƙarfe da rabin ladan aiki kafin allura ta taɓa kaki. Idan sansa na da tabo, a takarda za mu yi rigimar. Kai kuma ka bar kwafar shanun Holan daga waya, ba su da tozo, ba irin namu ba ne. Ranar kasuwa ka ɗauki takarda da fensir ka tafi kara, ka zauna har sai ka gane yadda saniya ke naɗe ƙafar gaba idan za ta kwanta, sannan mu yi maganar faranti.

Bara ɗan Alhajin nan ya zo yana son allon suna na sabon gidansa, bai san ni ba. Na yi masa, aiki mai kyau kuwa, amma sai da ya ƙirgo kuɗin duka a kan teburin nan kafin na ɗaga alƙalami.