Sabo ake yi wa kuka: amsa ga mai tambaya daga Aboabo

Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi, ya aiko da tambaya. Malaminsu na makarantar allo ya rasu, a wajen addu'ar bakwai kuma ya haɗu da abokin karatunsa da suka yi shekaru ba su ga juna ba, tun da abokin ya koma Nima a Accra. Ana cikin gaisuwa wani dattijo ya ce musu, “Sabo ake yi wa kuka.” Yana son sanin wane sabo ne, kuma yaya ake rubuta addu'ar nan, “jikansa” ko “jiƙansa”?

Malam, Allah ya ba ku haƙuri. Bari in fara da addu'ar, don ita aka fi ɓatawa a rubutu. Asalinta kalma biyu ce, “ji” da “ƙai”. Ƙai shi ne tausayi da rahama, daga nan muka sami “jin ƙai”. Idan -n ta mallaka ta hau kalmar da ta ƙare da -ai, sai i ta faɗi: rai ya zama ransa, kai ya zama kansa, ƙai ya zama ƙansa. Saboda haka rubutun da ya fi fito da ma'anar shi ne “Allah ya ji ƙansa”, mace kuma “ya ji ƙanta”, masu yawa “ya ji ƙansu”. Babu ruwanta da “jiƙa” ta jiƙa gero a ruwa, ko da yake rubutun “jiƙansa” a haɗe ya bazu har ido ya saba da shi. Wanda nake roƙo a guje wa shi ne “jikansa” ba lanƙwasa, domin jika ɗan ɗa ne. A Hausar zangunan Ghana yawanci ba a bambanta ƙ da k a baki, kuma kowa yana ganewa, amma a takardar sanarwar addu'a ya kamata a sa ƙugiyar.

Karin maganar kuwa, kalmomi uku ne suke kama da juna. Akwai sabo kishiyar tsoho, na cikin Sabon Zango, ana faɗinsa da murya sama duka gaɓa biyun. Akwai saɓo da ɓ, wato yi wa Allah laifi. Sai sabo na “saba da”, wanda murya take farawa ƙasa ta hau, shi ne shaƙuwa. Na ukun dattijon yake nufi. Cikakken zancen shi ne ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Bahaushe ya yarda mutuwa rigar kowa ce, ba ya jayayya da ita. Abin da yake kawo hawaye shi ne muryar da kunne ya saba ji da asuba tana biya karatu, da buzun da ya zama ba kowa a kai. Ina ganin dattijon ya karance ku da kyau: ku biyu kuka zauna gaban allo ɗaya, sabonku da malam iri ɗaya ne, shi ya sa ganin juna ya tayar muku da shi. Wannan abokin shi ake kira abokin kuka, wanda aka ce ba a ɓoye masa mutuwa.

Gaisuwar irin wannan haɗuwa tana da tsari. Ta'aziyya ce gaba: “Ya haƙuri?”, a amsa “Da godiya” ko “Mun gode Allah”, a yi wa mamaci addu'a, a shafa. Bayan nan ne ake cewa “Kwana biyu!” ko “Yaushe gamo?”, ko “Ashe rai kan ga rai.” Kwana biyu a nan ba lissafi ba ne, shekara 20 ma kwana biyu ce. Kuskuren da ake yi shi ne murnar ganin tsohon aboki ta riga ta'aziyya, a kaure da tafawa da kiran sunan ƙuruciya a gaban masu makoki. Hirar yarinta, ta satar mangwaro da bulalar malam, a ja gefe a yi ta bayan an tashi daga addu'a an raba wainar masa.

Ga malaminku kuma ku ce “ya rasu” ko “ya riga mu gidan gaskiya”. Rasu daga “rasa” take, mu ne muka rasa shi, shi ya sa ake cewa “an yi mana rashi”. “Mutu” ba kuskure ba ce, amma da ita ake faɗin akuya da fitila da aure, don haka ba ta dace da bakin almajiri a kan malaminsa ba. “Wafati” ta Larabci an fi ajiye ta ga Annabi (SAW) da manyan shehunai.