Eriyar da mahaɗanta suka cije: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Malam, ina cikin masu harkar rediyo don sha'awa. An yi mini tayin tsohuwar eriya Mosley TA-33 da ta daɗe a kan rufi a Legas. Kuɗin da sauƙi, sai dai bututun alminiyum ɗin sun cije a mahaɗansu, ko motsi ba sa yi. In saya? In na saya, da me zan kwance su? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, saya, muddin bututun ba su tsage ba, kuma ƙullin nan masu kaurin da ke jikin hannayenta, waɗanda ke ba ta damar aiki a zangon igiyar rediyo na mita 10, 15 da 20, robarsu ba ta farfashe ba. Su ne tsadar eriyar. Cijewa kuwa tana da magani.

Farin garin da za ka gani a bakin mahaɗa shi ne tsatsar alminiyum. Girmansa ya fi na ƙarfen da ya cinye, shi ya sa ya matse bututu cikin bututu, kuma iskar teku mai gishiri tana hanzarta shi. Kafin ka taɓa komai, auna tsawon kowace gaɓa ka rubuta, domin da wannan awon eriya ke aiki.

Sai ka cire sukurorin da ke riƙe mahaɗar, ka jingine bututun a tsaye, ka ɗiga man kwance tsatsa irin su PB Blaster ko WD-40. In babu, kananzir ma yana yi. Ka riƙa ƙarawa safe da yamma har kwana uku, kana ɗan bubbuga kewayen mahaɗar da guntun katako. Daga nan ka kwara tafasasshen ruwa a kan bututun waje kaɗai, ya buɗe, ka murɗa hagu da dama a hankali. Za ka ga wani ruwa mai launin toka yana tsattsafowa, alamar ta fara saki ke nan.

Ina roƙonka, kada ka kai ta wurin mai walda. Alminiyum na narkewa a kusan digiri 660 na ma'aunin Celsius ba tare da ya yi ja ba, kuma tun kafin nan ya riga ya yi laushi, iskar damina ɗaya za ta tanƙware shi. Sifanar famfo ma latsa bututu take yi. Naɗa tsohuwar robar tayar keke ka riƙe da hannu. Sodar sabulu kuwa kada ka sa mata, cinye alminiyum take.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne man hana tsatsa mai garin zinc, wato Penetrox ko Noalox. Bayan ka goge bakin bututun da lallausar samfefa, shafa shi siriri kafin ka mayar. Ka kuma sayi sababbin sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa, ka shafa musu man su ma.