Tambaya da Amsa: Filaye Talatin da Yara Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ina zaune a Filadalfiya, a Amurka, da iyalina. Bara na kai yarana biyu kallon ƙwallon besbol, tun ranar ɗana mai shekara tara ya dage sai mun zaga duk filaye 30 na babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Abin ya shiga raina, amma uwarsu ta ce ya fi ƙarfin aljihunmu. In haƙura ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka haƙura. Uwar yara ma kada ka ja da ita, don idan talatin ɗin kuka sa a gaba lokaci guda, gaskiya ta faɗa. Ku daina ƙirga filaye, ku fara ƙirga tafiye-tafiye.

Ɗauko taswira ka gani. Allah ya zaunar da kai a wuri mai sauƙi. Filin garinku kun riga kun shiga. Baltimo da Washinton suna kudu da kai, New York mai ƙungiyoyi biyu, Yankees da Mets, tana arewa, duk tafiyar 'yan sa'o'i a mota. Filaye biyar ke nan ba ku hau jirgi ba. Shikago ma biyu gare ta, ga Milwoki kusa da ita, hutu ɗaya ya ishe ku uku. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kakar wasa, kusan rabi a gida, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, saboda haka rana ba za ta yi muku wuya ba. Masu cin kuɗi su ne irin su Siyatil, can ƙuryar arewa maso yamma, da Toronto a Kanada, inda sai kun tanadi takardun tsallaka iyaka. Ku bar su zuwa ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Na sha cewa zan kai yarana tsohon filin Yankees, kullum sai in ce baɗi. Aka rufe shi a 2008, aka rushe, ba mu taɓa shiga ba. Har yau ina jin zafin wannan. Filayen nan ba sa jiran kowa: ƙungiyar Atlanta ta koma sabon fili a 2017, ƙungiyar Athletics kuma ta bar garin Oklan bayan kakar 2024. Yaran ma ba za su jira ka ba. Shekara tara kawai ta rage ɗanka ya kai goma sha takwas. Fili uku a shekara ya kusa kai ku.

Don haka tsofaffin filaye, Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, da Wrigley Field na Shikago, na 1914, su shiga sahun farko. Ranar da na kai nawa Wrigley, 'yata ba ta damu da wasan ba, ganyen da ya lulluɓe bangon filin take ta kallo, kuma shi take ba da labari har yanzu.

Ka zauna da uwarsu, ita ta yanke abin da za a riƙa warewa duk wata. Shi kuma yaron, tunda burinsa ne, ba shi aikin duba jadawali da rubuta sakamakon kowane wasa a littafi guda. Ka tambayi ɗayan yaron wane gari yake son gani. Idan kun dawo daga Baltimo, ka rubuto mini.