Tambaya da Amsa: A-kori-kura mai caji za ta iya jan tirelar masara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne ina zaune a Kawo nan Kaduna, gonata na hanyar Kachia wajen kilomita 90 daga gida. Da kaka ina ɗaura wa Hilux ɗina ƙaramar tirela da aka ƙera min a Panteka, in loda buhun masara 25, wani lokacin sawu biyu a rana. Wlh tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ke cinye ribar. Yarona ya nuna min bidiyon a-kori-kura mai caji tana jan kaya kamar ba komai, ya ce akwai kuma haibrid. Dan Allah wacce za ta min?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a noma. Abin da yaronka ya nuna ma ba ƙarya ba ne, wajen ƙarfi motar lantarki ba ta da matsala ko kaɗan, kana taka totur ƙarfinta gaba ɗaya yake zuwa, babu jiran inji ya ɗau zafi babu canjin giya. Ford F-150 Lightning da ta fito a 2022, mai babban batir ɗin tana jan kilo 4,500, Rivian R1T ma ta kusa kilo 5,000. To amma bidiyo ba ya nuna maka allon batir lokacin da ake jan.

Nan ne maganar take. Lightning ɗin nan in ba kaya tana yin kamar kilomita 500 a caji ɗaya, kana ɗaura mata tirela mai nauyi sai ya sauko zuwa wajen rabi, kuma ba nauyin kaɗai ke shan batir ba, iska ce, buhunan da ka jera sama ka rufa da tamfol sun zama kamar bango da motar ke turawa, kana ƙara gudu shan na ƙaruwa sosai. Zuwa da dawowarka kilomita 180 ne, to sawu ɗaya za ta kai ka ta dawo da kai, na yarda. Sawu na biyun fa? Batirin kilowat-awa 131 ne, in ka sa cajar gida mai kilowat 7 kana neman awa 19 kafin ya cika daga ƙasa, awa 19 ba a ɗauke wuta ba, Alhaji kai ka san Kawo. Solar da ke riƙe maka fanka da firji ba za ta ko motsa shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne batir ya ƙare maka bayan magariba a hanyar Kachia da masara a baya, fetur yaro zai kawo ma a galan kan babur, caji ba mai kawo ma.

Haibrid kuma, wato mai haɗa inji da batir, kala-kala ce, kar mai sayarwa ya haɗe maka su. Akwai Hilux ta gas, wato dizal, mai ɗan batir 48V da ta fito a 2024, tana jan kilo 3,500 amma batirin taimako kawai yake wa inji, sauƙin man kaɗan ne. Akwai wadda ake cajawa kuma tana shan fetur irin BYD Shark 6, ita a cikin gari daga Kawo zuwa Kasuwar Barci zuwa Sabo za ka iya wuni kan batir, kuma in ya yi ƙasa inji ya karɓa ba za ka kwana a hanya ba. Sai dai wadda ta fara fitowa a 2024 iyakar abin da take ja kilo 2,500 ne. Yi lissafi: buhu 25 kowanne kilo 100, masarar kaɗai ta cinye adadin, ba a sa nauyin ƙarfen tirelar ba. Kuma duk haibrid in tana jan kaya a doguwar hanya injin ne ke aiki kusan ko yaushe, ribarta a gosulo take inda ake tsayawa ana tashi.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, duk alkaluman nan na tirela mai birkin kanta ne. Mara birki kamfanoni kilo 750 suke yarda a ja. In taka ba ta da shi, a gangara tan uku ne ke turo ka ta baya, roƙonka nake ka koma wajen wanda ya ƙera ta a sa mata birki kafin kakar bana, ko wace mota za ka saya.

Ni dai a ganina ka riƙe Hilux ɗinka tukuna, ko in za ka canza ka nemi ta gas. Ka duba iskar taya kafin kowane sawu, ka rage tsayin lodi, ka tsaya wajen 70 a hanya, za ka ga bambanci a tanki. In kuma ranka na kan haibrid ɗin, kafin ka biya ko sisi ka je Kurmin Mashi ka tambayi bakanikenka ko ya taɓa buɗe irinta, da inda za a samo kayanta in ta tsaya.